Yadda Za Ka Zaɓa Wa Matarka Linux Cikin Kwana Biyar

Idan ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, ba ka tsallake ko guda ba, na yi maka alƙawarin abu biyu. Na farko, za ka san Linux ɗin da ya dace da kwamfutar gidanku. Na biyu, za a ambace ka a cikin littafi. Ni duka biyun sun same ni, kuma ga ni har yau a gidana, ana zuba mini abinci.

Ga wanda bai sani ba, Linux shi ne babban tsarin da ke tuƙa kwamfuta tun daga kunnawa har kashewa, kuma kyauta ake sauke shi a intanet. Sai dai ba guda ɗaya ba ne. Iri-iri ne, sun fi ɗari: Ubuntu, Mint, Debian, Fedora, Arch, da wasu da ko masu su sai sun duba takarda kafin su faɗi sunan. Kowanne da mutanensa, masu rantsuwa cewa sauran ɓata lokaci ne. Ba zan faɗi waɗanda na gwada ba, don babu wanda ya yi mini laifi a cikinsu. Duk abin da ya faru, da hannuna na yi shi.

Kayan da za ka tanada: tsohuwar laftof, filash guda biyu, aboki mai gemu, da mace mai haƙuri.

Mataki na 1: Samo kwamfutar da wani ke tsananin buƙata

Gwani ba ya gwaji a kan kayansa. Jira ranar Lahadi da yamma, lokacin da matarka ke zaune a teburin falo tana danna laftof tana tsaki. Laftof ɗin ta tsufa, rabin baƙaƙen madanninta sun goge. In aka kunna ta, sai a ɗora ruwan shayi ya tafasa kafin ta farka.

Zan yi misali da gidana. Matata nas ce, ina ce mata Sista. Ita kuma tana ce mini Injiniya, duk da cewa aikina kula da sito ne a wani ofis, kuma injin da na fi sani shi ne na huda takarda. Shekara biyu Sista tana ƙaro karatu, tana tashi daga asibiti ta wuce aji da ƙafafu a kumbure. Abin da ya rage mata shi ne kundin kammalawa, shafi arba'in da shida a kan yadda ake kula da gyambon ƙafar masu ciwon suga. Ta buga kwafi ɗaya a takarda, malaminta ya bi shi da jan biro. Gyaran awa biyu ne, sai ta tura ta shafin makaranta kafin ƙarfe goma sha biyu na rana, ranar Juma'a. In lokacin ya wuce, sai baɗi.

Tsaya a bayanta, ka harɗe hannu, ka girgiza kai a hankali.

"Wannan ai Linux take so," ka ce.

"Ni dai ta buɗe in yi gyarana," za ta ce. "Injiniya, don Allah kar ka taɓa mini ita sai bayan Juma'a."

"Haba Sista, aikin minti ashirin ne fa. Gobe kafin ki dawo tana gudu."

Nace har ta gaji. A wurinmu gwanaye, "kar ka taɓa" wata irin gayyata ce.

Mataki na 2: Ajiye kwafi, ka tabbata an ga ka ajiye

Ɗora Linux yana iya share duk abin da ke cikin kwamfuta, saboda haka dole a kwashe muhimman abubuwa tukuna. Yi wannan a gabanta, kana yi kana bayani. Karɓi jan filash ɗinta ka kwafe kundin a ciki. Naka shuɗi, shi za ka zuba wa Linux.

Za ta yanko filasta irin na asibiti ta naɗa wa jan filash ɗin, ta rubuta da biro: KUNDI, KAR A TAƁA. Yi murmushi irin na manya.

"Ka tura mini ta imel ma," za ta ce.

"Yanzu kuwa, bari abin da nake saukewa ya gama."

Kada ka tura. Ba da gangan ba, mantawa za ka yi, kuma wannan mantuwar ita ce ginshiƙin duk sauran matakan.

Mataki na 3: Ɗora na farko, ka ga ya yi aiki, ranka ya ɓaci

Ranar Litinin tafi da laftof ɗin ofis. Sito ba ya cika sai ƙarshen wata, babu mai damun ka. Zaɓi irin da kowa ke cewa ya fi sauƙi ga mai farawa. Zai tambaye ka ko a share komai, ka ce a share, ai kwafi na aljihunka.

Minti goma sha tara zai gama. Intanet zai kama da kansa. Sauti zai fito. Wurin rubutu zai buɗe kafin ka ƙifta ido. Laftof ɗin da ke nishi jiya za ta koma yarinya.

Nan haɗarin yake. Mutumin banza zai mayar da kundin ciki, ya rufe, ya kai wa matarsa, a yi masa godiya a manta. Kai ma za ka kusa faɗawa wannan ramin: za ka ɗauko jan filash, ka ga filastan ya yi kauri ya hana shi shiga, ka ɓare shi ka manna a gefen tebur. Kana shirin sokawa ke nan, sai Allah Ya kawo maka Gemu.

Mataki na 4: Nemi shawarar wanda ya fi ka sani

Gemu shi ne mai kula da kwamfutocin ofishinmu. Baƙar riga ɗaya muka san shi da ita. Ba ya amfani da maus, linzamin kwamfuta, wai ragwanci ne. Kowane ofis yana da nasa, in ba ka ga naku ba, leƙa ɗakin da ya fi sanyi.

Zai leƙa allon, ya ja da baya kamar ya taka wani abu.

"Mutumina, wannan ka sa?"

"Yana aiki fa."

"Ai shi ne matsalar. Komai an tauna maka. Wannan na kakanni ne, masu duba hoton jikoki. Me ka koya?"

Za ka duba zuciyarka ka ga ba ka koyi komai ba, sai kunya ta rufe ka. Jefa jan filash a durowa, ka miƙa masa shuɗin ya zubo maka na ƙwararru.

Na ƙwararru ba shi da hoto ko maɓalli. Baƙin allo ne da ɗan farin layi yana ƙifta maka ido, kai za ka rubuta masa duk abin da zai yi, har yadda zai san ƙarfe nawa. Ba da ranar Talata gaba ɗaya a kansa. Wajen azahar za ka gano ka manta ba ka sa abin da ke kama intanet ba, kuma ba a samo shi sai da intanet. Kira Gemu.

"Karanta bayani," zai ce, ya zare shuɗin filash ɗinka ya tafi da shi, wai akwai wanda ya fi wannan ma.

In ka koma gida Sista ta tambaya, amsar ita ce: "Saura kaɗan." Riƙe ta da kyau, za ka sake buƙatar ta.

Mataki na 5: Kada ka karanta gargaɗi

Laraba da safe, buɗe kwamfutar ofis ka nemi jerin "goma mafi kyau na bana". Za ka samu jeri bakwai, babu biyu da suka yarda da juna. Zaɓi wanda aka ce ba shi da nauyi, an yi shi don tsofaffin kwamfutoci. Sauke shi.

Yanzu kana buƙatar filash da za ka zuba shi. Shuɗin yana hannun Gemu, Gemu kuma an tura shi wani reshe gyaran firinta. Ja durowa. Ga wani filash nan, ja, tsaf, babu rubutun komai a jikinsa.

Soka shi. Kwamfuta za ta fito da wani ɗan akwati mai rubutu da alamar motsin rai. Kar ka tsaya. Irin waɗannan akwatunan don masu koyo aka yi su. Gwani yana gane maɓallin "Eh" daga inda yake zaune, ba sai ya karanta abin da ke samansa ba.

Danna.

Mataki na 6: Zaɓa da ido

Marar nauyin zai yi gudu, ba laifi, amma fuskarsa kamar fom ɗin asibiti. Ba za ka kai wa matarka wannan ba, kai da ake ce wa Injiniya. Share shi.

Gwada mai kyan fuska, wanda in ka ja taga a kan allo sai ta yi rawa. Za ka yi rabin awa kana jan taga kana dariya kai kaɗai, har masinja ya leƙo ya tambaya ko lafiya. Amma fankar laftof ɗin za ta fara kuka, ƙasanta ya ɗau zafi har ka ji a katakon tebur. Share shi.

Gwada wani da aka ce jami'an tsaro ke so. Sista ba ta da abin ɓoyewa sai lambar tela, amma ba a sani ba. Zai tambaye ka kalmar sirri sau uku kafin ya nuna maka agogo. Share shi.

Kowanne daga cikinsu a jan filash ɗin nan za ka zuba shi, ɗaya a kan ɗaya. Akwatin gargaɗi zai fito kowane karo. Zuwa na uku ko ganin sa ba za ka yi ba.

Shawara ta musamman: in wani ya tambaye ka wanne ka zaɓa, ce masa "ya danganta". Babu amsar da ta fi wannan sa mutum ya yi kama da masani.

Mataki na 7: Ɗaga waya

Ƙarfe huɗu na yamma Sista za ta kira daga asibiti, muryarta wasai.

"Injiniyana, na yi musayar aiki da wata, gobe ina gida. Da safe zan yi gyaran in tura in huta. Ta gama ko?"

"Saura kaɗan."

Ajiye waya, ka ce bari dai a mayar da kundin ciki ko da a wanne ne. Ja durowa ka nemi filash mai filasta. Babu. Zazzage durowar a ƙasa. Laluba aljihu, na riga da na wando. Durƙusa ka leƙa ƙarƙashin tebur.

Kana ɗagowa za ka gan shi daidai hancinka, manne a gefen tebur, da rubutun hannunta: KUNDI, KAR A TAƁA. Daga nan juya a hankali ka kalli jan filash ɗin da ke soke a laftof.

Ni a nan gabana ya faɗi, faɗuwar da ban taɓa ji ba. Na zauna a ƙasan sito tsakanin kwalayen takarda, gumi ya karyo mini ga fanka tana juyawa. Ba tsoron faɗa nake ba. Ƙafafun nan nata na tuna, yadda take tsoma su a ruwan ɗumi da littafi a cinya.

Mataki na 8: Kai wa mai gyara, ka yi ƙarya kaɗan

Ruga layin masu gyaran waya da kwamfuta kafin su rufe. Nemi wanda ya fi tsufa, mai tabarau a goshi da tarin matattun laftof a bayansa. Ce masa na wani abokinka ne.

"To, abokin naka sau nawa ya rubuta abu a kan filash ɗin?"

"Uku."

"Laftof ɗin fa?"

"Biyar."

Zai sauke tabarau ya dube ka sosai.

"Yallaɓai, abokin nan naka yana da aure?"

"Yana da."

"Allah Ya ba shi sa'a."

Duk da haka zai gwada, don mutumin kirki ne. Bayan awa guda zai juyo maka da allo ya nuna abin da ya tsira: hoto ɗaya, shi ma rabi. Kai ne a ciki, daga hanci zuwa ƙasa, kana dariya.

Mataki na 9: Faɗi gaskiya, tunda babu sauran dabara

A hanya za ka shirya jawabi. Za ka ɗora wa Gemu, ka ɗora wa filasta mai kauri, ka ɗora wa masu yin filash da ba sa rubuta suna a jiki. Sayi ayaba da lemo ka riƙe a hannu.

Kana shiga za ta kalli ledar, ta kalli fuskarka.

"Me ka yi?"

Jawabin zai gudu ya bar ka. Faɗa mata yadda abin yake, a tsaye, da leda a hannu.

Ka yi tsammanin ihu, ba za ka samu ba. Za ta zauna a hannun kujera.

"Imel ɗin fa?" za ta tambaya can.

Sunkuyar da kai.

"Shekara biyu, Injiniya," za ta ce. "Abu ɗaya na roƙe ka."

Kada ka ce komai. A duk jagoran nan, wannan ce kaɗai shawarar da na tabbata tana da kyau.

Za ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Bayan kamar minti goma za ta fito da ido ja, riƙe da kwafin takardan nan da malam ya bi da jan biro. Shi kaɗai ya rage a duniya. Za ta ajiye shi a tebur ta danne da tafin hannu.

"A cikin abubuwan naka, wanne ake iya rubutu da shi?"

"To, duka ana iyawa, sai dai ya dangan..."

"Wanne?"

"Na ranar Litinin."

"Sa shi."

Sake sauke na kakanni, ka ɗora. Minti goma sha tara, kamar wancan karon. Ka zaɓi Linux ke nan, ina taya ka murna.

Mataki na 10: Koyi sabuwar sana'a

Alhamis da sassafe kira ofis ka ce ba ka jin daɗi, ba ƙarya ka yi ba. Aikinka yau shi ne ka riƙe takarda ka karanta da ƙarfi, ita tana bugawa. In ka zo inda jan biro ya soke, karanta gyaran malam, ba na ƙasan ba. Malamin nan rubutunsa kamar tafiyar kiyashi, za ka riƙa kai takardar bakin taga.

Za ka ci karo da sunayen magunguna masu gaɓa bakwai. Faɗe su yadda Allah Ya hore maka. Ba za ta ɗago ba, za ta faɗi daidai ta ci gaba. Wajen shafi na goma sha biyu za ka san yadda ake wanke gyambo fiye da yadda kake so ka sani, ka ture shayinka gefe. Wajen shafi na ashirin wani suna zai murɗe maka harshe har dariya ta kusa ƙwace mata, ta maze.

A shafi na talatin za ka lura da abin da ba ka sani ba: matarka ta iya aikinta. Marasa lafiya sittin ta bi ɗaya bayan ɗaya, ta san wanda ya warke da wanda aka yanke wa yatsa. Shekara biyu kundin nan yana gidanka, ba ka taɓa buɗe shi ba sai yau.

Gemu zai kira da rana. "Mutumina, na samo wani, wannan shi ne ƙarshe!" Kashe wayar.

Wani ɗan saƙo zai fito a kusurwar allo, wai akwai sababbin gyare-gyare, ko a sauke? Hannunka zai miƙa da kansa. Za a buge shi.

Laftof ɗin kuwa ko tari ba za ta yi ba, tun safe har muryarka ta dushe.

Mataki na 11: Karanta shafin godiya

Juma'a da safe ku ƙarasa jadawalai da jerin littattafan da ta duba. Ƙarfe sha ɗaya da minti goma, shafi ɗaya zai rage, wanda tun jiya ta ce a bar shi sai ƙarshe.

Karanta. Godiya ga Allah, ga iyaye, ga malam, ga abokan aiki da suka riƙe mata aiki ranakun jarrabawa. Tana bugawa kana ji. Sai layin ƙarshe, wanda ta rubuta tun watanni da suka wuce ba ka sani ba:

"Da mijina, Injiniyan gidanmu, wanda duk abin da na damƙa masa na san yana hannu na gari."

Dole ka karanta shi da ƙarfi, aikinka ke nan.

Kasa kunne. Layin yana da tsawo, amma bugun da za ka ji gajere ne. Za ta adana, ta shiga shafin makaranta, ta tura. Ƙarfe sha ɗaya da minti talatin da takwas allo zai nuna an karɓa. Za ta kifa kai a tebur ta daɗe a haka, sannan ta tashi ta shiga kicin ta ɗora ruwa.

Leƙa allon. Ga abin da za ka gani, kuma haka zai zauna a ɗakin karatun makarantar har bayan ranka:

"Da mijina, wanda ya iya karatu da ƙarfi."

Na yi maka alƙawarin za a ambace ka a littafi. Ban ce da me ba.

Sanarwa

Marubucin wannan jagora ba shi da alhakin duk wani kundi, hoto, filash ko zaman lafiya da ya salwanta sakamakon bin matakan nan. Duk mai ƙorafi ya kai wa Gemu, yana ɗakin da ya fi sanyi. Masu aiko da tambayar wane Linux ne ya fi dacewa da aikin yau da kullum su yi haƙuri, marubucin ba zai iya ƙarin bincike ba a halin yanzu. Laftof ɗin tana nan lafiya da na kakanni, tana gudu, an sa mata kalmar sirrin da ba a faɗa masa ba. A murfinta kuma an manna sabon filasta, kuma wannan karon da sunansa aka fara rubutun.